Kwaɗon da Ya Rage a Taransfoma

Inna na tsugunne gaban firiza tana jera ƙanƙarar sayarwa, bayanta na mata ciwon nan na kullum, sai ga Auta ta dawo daga kwalejin fasaha, hular kwano a hannu, takalma duk laka. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Inna, Dogo ya ce in sake tambayarki maganar aurenmu..."

"Ki ce masa amsar jiya ita ce ta yau."

"Haba Inna! Me ya yi miki? Kullum sai ya zo gaishe ki!"

"Gaisuwar ce za ta riƙe shi a saman falwaya? Ke Auta, na gaji. Wallahi na gaji da maganar nan."

Auta ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Inna ta bi ta da ido, ita ma nata idon ya ciko. Ba ƙin yaron take ba. Sai dai Baban Auta ma'aikacin wutar lantarki ne, yana saman falwaya yana gyara wani ya gaji da jira ya mayar da wuta, aka kawo mata gawarsa. Da ƙyar ta bar Auta ta shiga kwalejin, shi ma don ta yi alkawarin in ta gama sashen mita za ta, ba hawa sama. Shi kuwa Dogo, ɗan ajinsu, aikin layi ya zaɓa, na hawa falwaya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ita dai ba za ta zuba ido 'yarta ta yi irin zaman da ta yi ba.

Haka aka yi ta tafiya, gida ba daɗi. Auta ta rame, dariya ta ƙaura. Dogo bai fasa zuwa ba, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa ciki-ciki, ya tashi sumui-sumui ya tafi.

Ran nan aka ɗauke wutar unguwa tun safe, wai ana gyaran layi. Rana ta take, zafi kamar a gasa mutum. Inna ta buɗe firiza ta ga ƙanƙararta na zama ruwa, ga masu saye sun yi ta zuwa suna komawa. Ranta ya ɓaci. Ta yafa mayafi ta nufi bakin titi inda taransfoma yake.

Ta tarar mutane sun yi cincirindo, mai walda na ɗaga murya, mai aski na taya shi. Wa za ta gani tsaye gaban akwatin kunna wuta in ba Dogo ba! Ashe ɗaliban kwalejin aka kawo koyon aiki, malaminsu ya bar shi gadin wurin. A jikin akwatin kuwa jan kwaɗo ɗaya na rataye a kulle.

"An gama gyara tun ɗazu, mun ga ma'aikata na tafiya!" in ji mai walda. "Kunna mana wuta, malam!"

"Ku yi haƙuri," Dogo ya ce, gumi na zuba masa. "A makaranta haka aka koya mana. Duk wanda zai hau sama sai ya sa kwaɗonsa a nan, ya tafi da makullin a aljihu. Kowa ya cire nasa, saura wannan. Mai shi bai sauko ba."

"Na waye?" Inna ce ta jefo tambayar.

Ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba Inna, duk iri ɗaya aka raba mana."

"To mantawa ya yi, ya tafi cin abincinsa! Kai mai walda, ɗauko guduma a fasa! Kayana na narkewa, shi yana mana karatun makaranta!"

"Inna, ki gafarce ni. Ba zan bari ba."

"Ni kake gaya wa haka? Kai ne mai neman 'yata? To ka ji da kyau — ko sama da ƙasa za su haɗe ba ka samunta!"

Ta ga maganar ta soke shi. Amma ya jingina bayansa da akwatin, ya rufe kwaɗon da tafin hannu. Aka zage shi, wani ya fizgi rigarsa har ta yage, bai gusa ba.

Ana cikin haka sai wani ya ɓullo daga lungun bayan layi, sanye da hular kwano, igiyar hawa a kafaɗa, yana jan ƙafa don gajiya. Ya ratsa mutane, ya zaro makulli daga aljihu, ya buɗe kwaɗon, sannan ya cire hular yana share fuska.

"Wayar can ce ta ba ni wahala, sai yanzu na sauko... La! Inna? Me kike yi a nan?"

Auta ce. Ashe a koyon aikin ita ma an sa ta hawa sama.

Inna ta zube a ƙasa. "Innalillahi! Da bakina na ce a fasa! Da bakina, Auta!" Ta rungume ƙafar 'yarta tana kuka wiwi. Mai walda ya sulale da gudumarsa a bayan riga. Dogo ma sai a lokacin ya gane wanda ya tsare.

Da Inna ta samu numfashi ta ɗago ta dube shi, da yagaggiyar rigarsa.

"Ɗana, da an samu irinka ranar Babanta, da yanzu yana gida. Je ka turo manyanka."

Ƙanƙarar ranar dai ta narke tas, Inna ta kwashe ruwan da bokiti tana dariya tana hawaye. Haƙuri bai taɓa ba da kunya ba. Duk mai neman inda zai ajiye 'yarsa, ya nemi wanda zai yarda ya rasa abin da yake so don ran wanda bai ma sani ba.