Ɗamarar Harsashin Torgul

Tau! Harbin farko dutse ya samu. Na biyu ma dutse. Motar dardumar da 'yan fashin uku suka tare da rana tsaka a hanyar Kohat ta tsaya ne don tsoron direba, ba don gwanintar kowa ba.

Zarmast, shugabansu, mai tinƙaho da tsohuwar bindigar soja da kakansa ya bari, ya ɗora laifin a kan Torgul, wanda ke yi musu ɗurin harsashi a gida. Wai albarushin ne jabu. Torgul ya san hannu ne ke rawa, amma wa ya isa ya ce wa zaki bakinsa na wari?

Ba su gama sauke kayan ba sai ga 'yan sanda! Na ukunsu, Sangin, ko sallama babu ya bi kwazazzabo. Torgul kuwa, don tsabar maƙo, ya durƙusa yana tsintar kwanson harsashi, wai za a sake ɗurawa. Nan harsashi ya same shi a cinya.

"Yaya, kama ni!"

Zarmast ya juyo da gudu. Torgul ya miƙa hannu, har da ƙwallar godiya. Ashe ba shi aka zo ɗauka ba — ɗamarar harsashinsa aka fizge.

"Ɗan shagaltar mana da su, ɗan'uwa. Kai dai taka ta ƙare."

Torgul ya buɗe baki zai gargaɗe shi, ya mayar ya rufe. Kwanson da aka taɓa harbawa yana ɗaukar siffar cikin bindigarsa, kuma ta Torgul mai faɗin ciki ce, kwansonta ba ya shiga wata bindigar. Shi ya sa yake ware wa kowa nasa. Zarmast bai taɓa tambayar dalili ba. Manya ba sa tambaya.

Daga kwance Torgul ya hango shi a saman dutse — yana tura harsashi, yana dukan ƙarfen da tafin hannu, yana ashar. Bindiga ta ƙi rufuwa. Tau! Tau! Harbin 'yan sanda ya gangaro da shi kamar buhun gari.

Sangin ya shiga hannu kafin la'asar. Dardumomi suka koma wa mai su. Torgul ya bar ƙafa a asibiti, ya wuce kurkuku. A ƙauye kuwa har waƙa aka yi wa Zarmast: jarumin da ya koma cikin wuta don ɗan'uwansa.

Tsohuwar Zarmast ta zo wa Torgul ziyara da burodi da ganyen shayi, ta riƙe ƙarfen taga.

"Ɗana, da gaske ne ya dawo wajenka?"

Torgul ya dubi hannunta a kan ƙarfen.

"Ya dawo, Inna."