Zabirar Baban Murja

"Malam, tambaya gare ni!"

Yasmin ce ta ɗaga hannu. Murja ko waiwayawa ba ta yi ba, ta san ba alheri ba ne.

Ajin yamma ne a wata makaranta kusa da Kusugu, 'yan mata ashirin masu shirin jarrabawar shiga makarantar jinya. Malam Nu'uman ke koya musu Turanci, kuma shi da salonsa: littafin tarihin tiyata yake karanta musu, suna tsintar kalmomi. Ranar ya kai inda aka ce a Turai, a da, masu aski ne ke cire haƙori su yanke ƙafa, da wuƙar da ko wanke ta ba a yi.

"Wai da gaske asalin surgeon wanzami ne? Ashe muna da 'yar likita a ajin nan! Murja, mutum nawa Baba Jafaru ya yi wa tiyata yau a bakin kasuwa?"

Aji ya kwashe da dariya.

Murja ta ɗago ta dubi Nu'uman. Wata biyar ke nan yana zuwa zance gidansu, kowa ya sani, har Yasmin ɗin, 'yar kawunsa da mahaifiyarsa ke so ya aura. Uwar tasa kuwa, Hajiya Talatu, ta rantse ɗanta ba zai haɗa zuri'a da wanzamin gidansu ba.

To gogan me ya yi? Gyara tabarau ya yi, ya ce, "Mu buɗe shafi na gaba."

Shi ke nan fa!

Da aka tashi ya biyo ta.

"Murjanatu... tsaya mana."

"Malam, sauri nake."

"Yau ni ne Malam? Haba, sanyin idona..."

"Ai a aji ba ka gane ni ba."

"In na tanka, kafin magariba maganar ta isa kunnen Hajiya."

"To ka huta. Ubana ne, da askar nan ya ciyar da ni. In a gaban 'yan mata ashirin kana jin kunyarsa, ina ga gaban dangi? Kada ka ƙara zuwa gidanmu."

Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga lungunsu. Tana sonsa, abin haushin ke nan.

Kwana shida bai je ba. Ita ma ba ta fasa aji ba, a baya take zama ta kwafi kalmominta ta tafi.

Rana ta bakwai tana shiga ta ga mahaifinta zaune a kujerar malami, zabirar kayan aikinsa a kan tebur.

"Yau babu littafi," in ji Nu'uman. "Kun ji tarihin Turawa, na roƙi Baba ya nuna muku namu. Shi zai faɗa da Hausa, ku mayar masa da Turanci."

Tsoho ya zaro aska, ya zaro ƙaho da almakashi. Ya ba su labarin yadda kakansa ke farke maruru, da yadda shi yanzu yake dafa kayansa, kowane mutum da sabuwar reza.

"Abin da ya fi ƙarfina, asibiti nake turawa. Shi ya sa nake so waccan ta yi karatu."

Ya nuna Murja da baki. Aska, rauni, tabo, duk ita ta amsa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da aka zo kan ƙaho Yasmin ta hau kame-kame. Tsoho ya ƙare mata kallo.

"Ke ba 'yar Alhaji Amadu ba ce? Ni na yi miki askin suna. Kai, kin yi ihu ranar!"

Wannan karon ba Murja aka yi wa dariya ba.

Nu'uman ya cire takalmi ya durƙusa a gaban aji.

"Baba, ina neman izini baffannina su zo."

"Hajiya fa?"

"Da bakina na faɗa mata. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, amma Baffa Hamma ya ce zai shige gaba."

Tsoho ya tattara kayansa ya fice.

A gida tambaya ɗaya ya yi wa Murja, ko tana son yaron. Ta rufe fuska da mayafi ta gudu ɗaki. Bai sake ɗaga maganar ba, ita kuwa ko tuwo ta kasa ci.

Ran Juma'a da hantsi Nu'uman ya zo aski, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya zauna a tabarmar zaure ya tuɓe hula. Murja na laɓe a bayan ƙofa.

"Tashi," in ji tsoho.

"Baba..."

"Na ce tashi. Daga yau na daina yi maka aski."

Murja ta dafe bango.

"Je ka wurin Sama'ila wanzami, hannunsa na da kyau. Ni da kunya in riƙe kan surukina."

Da sumarsa Nu'uman ya tafi masallaci ranar, bakin nan ya ƙi rufuwa.