Muryar Mardiyya a Keken Bilyaminu

Mardiyya ta shiga keke napep a bakin ƙofar foliteknik ta Ƙaura Namoda, ko zama ba ta gama gyarawa ba sai ta ji muryarta tana fitowa daga sifikar direba: "Take a keke, wato hau keke. Take medicine, sha magani. Take your time, kada ki yi gaggawa. Kalma guda ce, amma ta fi autan gida shan aike."

Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya. Darasin nan don matan wani zauren WhatsApp ta naɗe shi, matan Sakajiki da Ɗan Isa masu son gane rubutun kwalin magani da takardun makarantar 'ya'yansu. Ba don titi ta yi shi ba.

"Malam, wa yab ba ka wagga murya?"

"Daga wayar ƙanwata na ɗauko ta," in ji direban. "Ɗalibai 'yan Kudu na yi man Turanci, ni ko sai zuru. Kin san malamar?"

"Ni ta."

Direban, Bilyaminu, ya taka birki har mai babur ɗin da ke bayansa ya ɗura masa ashar. Ya yi ta ba Mardiyya haƙuri har ƙofar gidansu, washegari kuma ya dawo ya sake bayarwa. Haƙurin da bai ƙare ba ke nan.

Ba a jima ba saƙonni suka soma. "Malamata, yau na ce ma wani fasinja take your bag, ya dube ni har sau biyu. Allah shi bar man ke. Take care."

Ita kuma ta amsa: "Ka ci jarrabawa, direbana. Yi tuƙi sannu, akwai mai jiran ka."

Da maganar aure ta taso, sai Baffa Ladan, yayan mahaifin Bilyaminu wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya kafe. Dillalin hatsi ne a kasuwa, inda darussan suka riga suka bazu daga waya zuwa waya. Ya ce ba za a kawo masa ɗiyar da muryarta ke aljihun kowane ɗan dako ba, sai fa idan ta bari. Bilyaminu, don tsoron rasa ta, ya ce ai za ta bari, ya ɗauki alkawari.

Abin takaici, a bakin ɗalibanta Mardiyya ta ji. Wata ta turo mata: "Malama, ashe barin mu za ki yi?"

Da Bilyaminu ya zo zance bayan la'asar, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Da bakin wa ka yi alkawarin ga?"

"Malamata, dabara ta. In anka ɗaura, sai ki ci gaba a ɓoye."

"A ɓoye? Sata nike yi? Matar da ta kusa ɗura ma jaririnta maganin manya don ba ta gane rubutu ba, ita zan ɓoye ma? Muryar ga ita ta haɗa mu, yau kuma ita ta abin kunya?"

"Magana zarar bunu ta, Mardiyya. Na riga na hwaɗa."

"To wanda yaz zare, shi ka gyaran rufi."

Ta shige gida ta yi kukanta, don tana son sa, ba ta musun wannan. Amma saƙonninsa suka yi ta shigowa ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa mahaifinta, Malam Magaji, ya dawo da labari. Bilyaminu ya je rumfar Baffa, ya durƙusa gaban dillalai, ya ce ya yi alkawari da abin da ba nasa ba, kuma ba zai aure ta bisa ƙarya ba. Baffa ya kore shi kamar ya kama ɓarawon gero.

Makonni suka wuce shiru. Rannan sai ga Baffa da kansa a zauren Malam Magaji, fuska a murtuke, ya ce a kunna masa abin ya ji. Ashe duk hayaniyar nan, ko darasi ɗaya bai taɓa saurara ba! Mardiyya tana laɓe bayan ƙofa, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Ya saurara har ƙarshe. "Wanga shi na abin? Shan magani da hawan keke?" Ya yi tsaki, ya gyara hula. "Ku sa rana."

Aka ɗaura aure bayan girbi, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, aka kai amarya sashenta a babban gidan Baffa. Da safiyar da za ta naɗi darasi na farko a can, Bilyaminu ya riƙe mata waya yana murmushi. Ta soma ƙasa-ƙasa, tana kunyar gidan surukai: "Take a seat, wato zauna…"

Sai muryar Baffa Ladan ta tsallako katanga: "Amarya, ɗaga murya, ba mu ji! Allah shi yi maku albarka."