Ranar da Kunnen 'Yar Kifi Ya Toshe

A wani ƙaramin gari da ke bakin tafki a arewacin jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Idan aka yi hutu lokacin zafi, ba ta da aiki sai iyo. Shi ya sa kakanta, Kaka Wendell, ya sa mata suna 'Yar Kifi.

Kaka Wendell ba ya ji sosai. Ya daɗe yana aiki a wurin yanka katako, ƙarar injina ta cinye masa kunne. Yana da wata 'yar na'ura da yake maƙalawa a kunne. Amma ko da ita, ba ya jin abin da ke nesa.

Kullum da safe sukan zauna a kan 'yar gadar katako da ke bakin ruwa. Akwai wani tsuntsun ruwa mai baƙin kai da ke dogon kuka daga tsakiyar tafkin. Kaka yana son kukan nan tun yana yaro. Yanzu kuwa sai dai jikarsa ta ɗaga yatsa ta ce, "Kaka, ya yi!"

Sai tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ke ce kunnena, 'Yar Kifi. Ni nawa sun tafi hutu."

Wata rana ta fito daga ruwa, sai ta ji ruwa ya maƙale mata a kunnen hagu. Ta girgiza kai, ta yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya ƙi fita. Ga ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo a ciki.

Ta shiga banɗaki ta ɗauko tsinken auduga. Mama ta sha hana ta. Amma kunne na ƙaiƙayi, wa yake tuna maganar Mama? Ta tura, ta juya, ta ƙara turawa can ciki. Daɗi kamar me. Ta ce bari ta yi wa na dama ma, kada ya ji haushi.

Washegari kunnen hagu ya fara zafi. Ko taɓa shi ta yi sai ta ji har cikin haƙori. Na dama kuma ya yi dum. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san za a hana ta shiga ruwa. Ta saki gashinta ya rufe kunnuwan.

Da gari ya sake wayewa, ta buɗe ido ta ga ƙanenta Tobin tsaye a kanta. Bakinsa yana motsi. Amma muryarsa tana zuwa kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Ta tashi zaune zumbur, ta dafe kunnuwanta.

A bakin tafki ta zauna kusa da Kaka, ta kasa kunne. Shiru. Ta ga tsuntsun can nesa ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Ba ta ji komai ba.

"Yau malalacin bai yi kuka ba ne?" in ji Kaka.

"Bai yi ba," ta ce.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta ce a ranta, shi ke nan, na zama kurma. Ba zan ƙara jin muryar Mama ba. Kaka kuma wa zai riƙa gaya masa? Ranar ko fanken da Mama ta soya ta kasa ci, don tauna ma ciwo take ƙara mata.

Da rana Kaka ya cire na'urarsa ya ajiye a kan tebur, ya kishingiɗa, barci ya ɗauke shi. Yarinyar ta lallaɓa ta ɗauke ta. Tunaninta shi ne, abin da ya taimaki Kaka zai taimake ta. Ta cusa ta a kunnen da ya kumbura.

Wani zafi ya soke ta kamar allura. Ta ƙwalla ƙara.

Mama ta shigo da gudu. "Mene ne? Me ya same ki?"

"Mama, na kurmance!" Ta fashe da kuka. "Ba na ji! Na zama kamar Kaka!"

Mama ta ɗaga gashinta. Kunnen ya yi ja, wani ruwa yana fitowa. Fuskar Mama ta canza. "Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Tsinken auduga na sa."

"Kika yi shiru? Tashi, ɗauko takalminki!"

Kaka ya farka yana lalube a kan tebur. "Wai wa ya sace mini kunne?" Da ya ga hawayen jikarsa, sai wasa ya ƙare. Ya karɓi na'urarsa, shi ma ya shiga mota.

A asibiti, Likita Marisol ta haska 'yar fitila cikin kunnen. Ta daɗe tana dubawa. Yarinyar ta ƙanƙame hannun Kaka.

"Likita, zan ƙara ji?"

Likita ta matso kusa, ta ɗaga murya. "Za ki ji. Dodon kunnenki bai fashe ba, amma kin kusa kai masa. Tsinken ya tura dauɗar kunne ciki, ta toshe hanya. Ya kuma yage fatar ciki. Ruwan tafki ya kwanta a wurin, ƙwayoyin cuta suka samu gida."

"Ni na zaci wankewa nake yi."

"Kunne da kansa yake fitar da dauɗarsa a hankali. Naki kawai ki goge waje da tawul. In ruwa ya shiga, karkata kai ya fito. Mura ma tana toshe kunne, amma ko ita ba a sa mata tsinke."

Likita ta ɗauko wani siririn bututu mai zuƙa, ta sa a kunnen dama. Yarinyar ta rufe ido gam. Sai ta ji wani abu ya yi fut! Nan take duniya ta dawo. Ta ji ƙarar takalma a waje, ta ji Mama tana ajiyar zuciya.

Na hagu kuwa, aka share shi a hankali, aka ba ta maganin ɗigawa. Likita ta ce babu shiga ruwa sai ya warke sarai.

A mota ta sunkuyar da kai. "Kaka, na yi maka ƙarya. Ɗazu tsuntsun ya yi kuka. Ni ce ban ji ba."

"Na sani," in ji Kaka. "Ai kurma ne ni, ba makaho ba. Na ga ya buɗe baki." Ya dafa kanta. "Nawa kunnen ba likitan da zai dawo da shi. Naki ya dawo. Ki riƙe shi da kyau, mu biyu muke amfani da shi."

Fiye da mako guda tana zaune a kan gada, tana kallon Tobin da ƙawayenta suna iyo. Abin ya yi mata ciwo. Amma kullum da kanta take kawo wa Mama kwalbar magani.

Wata safiya, kukan nan mai tsawo ya taso daga tsakiyar tafki. Ta ji shi tas, da kunne biyu. Ta miƙe tsaye ta ɗaga yatsa.

"Kaka, ya yi! Ya yi!"

"To a hankali mana," in ji Kaka yana dariya. "Wannan ihun ko ni na ji shi."

Tun daga ranar ba ta ƙara sa komai a cikin kunnenta ba. Ta gane cewa kunne ba wurin tura tsinke ba ne. Kuma idan wani wuri yana ciwo, a gaya wa manya da wuri, kada a ɓoye.