Waƙar Zulaihatu a Bakin Tashar Mayahi

Insifekta Gidaɗo ya shiga aikin ɗan sanda da burin kama 'yan fashi. Ga shi yau da furfura da tumbi, babban abin da ya kama a bana ɓarawon akuya ne, shi ma akuyar ce ta tona shi.

Yana zaune a komisariya, ofishin 'yan sandan Tasawa, Zulaihatu mawaƙiyar biki ta faɗo ofis tana huci.

"Ranka shi daɗe, an sace mini waƙa!"

"Daga aljihu ko daga ɗaki?"

Ba ta yi dariya ba. Sabuwar waƙarta, in ji ta, ta cika wayoyin mutane, amma an yanke sunanta an liƙa na wata wai Tauraruwar Mayahi. Jiya a wani biki a garin Korgom tana ɗaukar waƙar, mata suka yi mata ihu, wai tana kwaikwayon wata.

"Ni, da bakina na haife ta, aka kira ɓarauniya!"

Gidaɗo ya daina wasa. Ya tambaya ko ta saurari ta kasuwar har ƙarshe.

"Zuciyata ba ta ɗauka ba."

Ya sayi katin waƙar a kasuwa, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya nufi sutudiyon Abdurrahamane inda aka naɗe ta. Mutumin ya rantse bai ba kowa ba sai mai ita.

"To wannan kirarin na tsakiya fa? Mai shagon bakin tasha, giwa mai farin hannu?"

Abdurrahamane ya sosa ƙeya. Ya ce ai al'ada ce, duk maigidan da ya yi wa mawaƙiya alheri akan naɗa masa tasa da kirarinsa a ciki. Wannan ta Harisu ce, mai tura waƙoƙi a waya a tashar Mayahi.

"Ɗazu ka ce ba ka ba kowa ba."

"Mantuwa, ranka shi daɗe."

"Ka ci gaba da tunawa, zan dawo."

A Mayahi, Harisu ya tarbe shi da ruwan sanyi da fuskar salihai.

"Zulaihatu? Wace ce haka? Ni Tauraruwa na sani, ita ta aiko mini waƙar."

"Ina gidanta?"

"Tana tafiye-tafiye."

"Kirarin fa?"

"Shaguna nawa ne a bakin tasha, Insifekta?"

Gidaɗo bai yi gardama ba. Ya kunna waƙar da ƙarfi, 'yan kabu-kabu suka taru. Da muryar ta iso kan giwa mai farin hannu, sai ƙirjin Harisu ya buɗe, hannunsa ya tashi sama da jinjina kafin hankalinsa ya iso.

"Sauke hannun, giwa."

Harisu ya zube kan benci. Ya ce babu wata Tauraruwa, shi ya ƙirƙiro ta don kada mai waƙa ta biyo sawu.

"Ka cire sunanta gaba da baya, mi ya hana ka cire naka kirarin?"

"Na gwada, wallahi. Hannuna ya ƙi."

"Ba komi. Alƙali zai sa ka biya ta diyya, ya ƙwace na'urarka ta tura waƙoƙi, gidan kaso kuma yana iya biyo baya. Ka sace wa mace guminta, ka sa aka yi mata ihu a kan waƙarta!"

Ya saka ankwa a hannun da ya yi jinjina. Sannan ya juya ga 'yan kabu-kabu.

"Waƙar wa kuka ji?"

"Ta Zulaihatu!"

"Ku kai labarin Korgom."