A Tawa Yana Aiki

Ranar da ta fara aiki a kamfanin, tun kafin a nuna mata inda ake dafa shayi aka dangwara mata kwamfuta, aka ce ta jawo aikin daga rumbu ta tayar da shi. Aikin kuwa shafin intanet ne da suke gina wa wani ƙaramin asibiti, don marasa lafiya su riƙa kama layi daga gida. Rumbu shi ne ma'ajiyar da kowa a ofishin yake tura abin da ya rubuta, kuma duk canjin da aka yi sai ya shiga tarihi da sunan mai shi, da lokaci, da ɗan bayani.

Ta jawo. Ta sauke duk fakitocin da ke cikin jeri, wato ƙananan manhajojin da aikin ba ya tashi sai da su. Tana dannawa allon ya cika da jan rubutu. Ta sake, ya sake cika. A karo na huɗu gumi ya fara tsattsafo mata, ga shi wata uku kacal aka ba ta na gwaji.

Dogon saurayin da ke teburin taga, wanda aka ce shi ya aza harsashin aikin, ya leƙo da kofi a hannu. Ya dubi jan rubutun kamar wanda aka kawo wa ƙarar ɗan maƙwabci, ya ce, "Ikon Allah. A tawa kuwa yana aiki."

"To sai mu ɗauki taka mu kai wa asibitin," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wani a ofis ya tuntsire da dariya. Dogon ya koma teburinsa yana sosa ƙeya.

Kafin la'asar ta gano matsalar. Akwai wani fakiti mai lissafa kwanan wata da bawan Allahn nan ya sauke a kwamfutarsa shekara biyu da suka wuce, bai taɓa sa shi a jeri ba. Ta je ta nuna masa, ta shirya wa gardama tsaf. Sai kawai ya ce, "Laifina ne. Mutum uku sun sha wahalar nan kafin ke, duk na ce kwamfutarsu ce." Ya gyara jerin, ya tura, ya rubuta a tarihi: "An ƙara fakitin kwanan wata. Sabuwa ce ta gano. Na gode."

Daga ranar sunan Sabuwa ya bi ta, shi kuma ya zama Malam A-Tawa har a bakin manaja. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne godiyar nan da ya rubuta a inda kowa zai gani. Ta karanta ta ya fi sau biyar, tana ce wa kanta wai duba aiki take yi.

Soyayya dai ba ta neman izinin manaja. Wasa-wasa aka fara da tambayar aiki, aka koma tambayar ko ta isa gida lafiya.

"Sabuwa, kin ci abinci kuwa? Na ga tun safe kike faɗa da maɓalli ɗaya."

"Na ci. Maɓallin ma ya ci ubansa."

"Allah Ya ba mu zaman lafiya da ke."

"Amin, Malam A-Tawa. In ka riƙa rubuta abin da ka sauke, za mu zauna lafiya."

Ba shi kaɗai ya ƙyalla ido ba. Akwai wanda suke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ofis da minti guda. Kullum da tayin rage mata hanya, kullum tana ba shi haƙuri cikin mutunci. Da ya fahimci inda ta karkata sai ya janye, amma fuskarsa ba ta iya ɓoye abu ba.

Matsalar tana gida. Babanta tsohon magatakardan kotu ne, shekara talatin da biyar yana rubuta abin da mutane suka faɗa, yana kuma kallon su suna musawa. Ranar da A-Tawa ya je gaishe shi, Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Aikin naka, ina takardarsa?"

"Babu takarda, Baba. Duk a kwamfuta yake."

"Wato abin da ka rubuta yau, gobe kana iya sharewa."

Bayan ya tafi, Baba ya ce wa Umma yaron yana da ladabi, amma shi bai saki jiki da mutumin da sana'arsa ke goguwa da yatsa ɗaya ba. Umma ta ce, "Kai dai Auta ce ba ka son rabuwa da ita." Da ƙyar da lallashi ya yarda magabatan yaron su zo ƙarshen wata.

Ana saura mako biyu su zo abin ya faru. An ba ta shafin kama layi ita kaɗai, a reshenta, wato ɓangarenta na kanta cikin rumbun, kuma da shi za a yanke hukuncin gwajinta. Mako uku ta yi a kansa. Ranar Alhamis suka ɗan yi sa-in-sa da A-Tawa a kan sigar wani fakiti, ita tana son sabuwa, shi yana tsoron za ta karya wasu sassan. Cikin zafin magana ya ce, "Da ni ne, da na share na sake daga farko." Ta ji zafin maganar, ta tura aikinta duka rumbu, ta tafi gida ba sallama.

Ranar Juma'a ofis ya karɓi tsohuwar kwamfutarta aka goge ta, aka ba ta sabuwa. Ba ta damu ba, ai komai yana rumbu. Shi kuma A-Tawa da rana ya kama hanya zuwa wani reshen asibitin mai nisa, inda waya ba ta cika samuwa ba.

Litinin da safe ta jawo reshenta.  Aikin mako uku babu shi. An danne shi da wani tsohon kwafi na ranar da ta fara, da ƙaramin gyara ɗaya a sama. Ta dubi tarihin. Juma'a, sha biyu da minti goma, lokacin A-Tawa yana ofis. Sunan da ke jiki nasa ne.

Manaja ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce ranar Alhamis za a nuna wa asibitin, idan babu shafi ba shi da abin da zai kare ta da shi.

Ba rasa aikin ne ya fi ƙona mata rai ba. Maganarsa ta ranar Alhamis ce take ta dawo mata, ga kuma sunansa ɓaro-ɓaro. Ta isa gida idanu jawur, ta kwashe komai ta gaya wa iyayenta. Baba ya karɓi wayarta, ya dubi hoton tarihin da ta ɗauka, ya gyara tabarau.

"Wannan sunansa ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ga rana, ga lokaci. Ya kuma faɗa da bakinsa kafin ya yi?"

Ta gyaɗa kai.

"To ni rubutu na sani, Auta. Ki gaya masa kada kowa ya zo."

Da yamma saƙonsa ya shigo. "Sabuwata, sai yanzu na samu waya. Manaja ya gaya mini. Wallahi ban taɓa reshenki ba. Ki ɗauka mu yi magana." Ta karanta, ta kife wayar. Wani ya sake shigowa. "Kada ki fara sake rubuta komai. Ki jira ni gobe, don Allah." Shi ma ba ta amsa ba, amma ba ta iya goge shi ba.

Washegari ba ta je aiki ba, kanta kamar zai tsage. Da hantsi aka yi sallama. Shi ne, daga tasha kai tsaye, riga duk ta yamutse, jakar kwamfuta a kafaɗa. Baba ya tare shi a falo, ita da Umma suna bakin ƙofar ciki.

"Saƙona bai iso maka ba?"

"Bai iso ba, Baba, amma na ga alama. Ina roƙon minti goma. In ban gamsar da kai ba, zan tafi."

Tsohon magatakarda ba ya hana mutum kare kansa. Ya nuna masa kujera, ya ce Auta ta matso tunda ita ta san karatun abin.

A-Tawa ya buɗe kwamfutarsa, ya juya mata allon. Ta duba, ta sake dubawa. Reshenta ne, cikakke, har da gyaran ƙarshe da ta tura ranar Alhamis cikin fushi. Ko layi ɗaya bai ɓata ba. Ta zauna a hannun kujera tana ta maimaita alhamdulillahi.

"Ya aka yi yake wurinka?" ta tambaya da ƙyar. "Ai ba ka aiki a reshena."

Nan gogan naka ya fara kame-kame, ya dubi silin, ya dubi takalminsa. Baba ya ce, "Ana tambayarka."

"Kullum da safe nakan jawo shi."

"Don me?"

Maimakon amsa, sai ya buɗe wani jeri inda kwamfutar ke rubuta duk abin da mai ita ya yi. Baba ya jawo kwamfutar gabansa, ya bi da yatsa kamar yadda ya saba bin rajista. Bakwai da arba'in, an jawo reshen Sabuwa. Washegari, bakwai da arba'in da biyu. Haka har ranar Juma'ar, ba fashi ko ɗaya.

"Me kake nema a ciki?"

"Bayanan da take rubutawa, Baba. Kowa namu a bushe yake, nata kamar tana hira. Da su nake fara yini."

Baba ya ce a nuna masa. Ya karanta a fili, da muryar kotu: "Maɓallin nan yana ɓuya idan waya ƙarama ce. Yau na cire masa kunya." Umma ta toshe baki. Ya gangara ƙasa: "Na ƙara girman rubutun, saboda tsofaffi irin Babana, masu cewa idonsu garau ne." Ya yi gyaran murya ya wuce wannan da sauri.

"To sunanka fa da ke jikin ɓarnar?"

"Wannan sakacina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Akwai kwamfutar ɗakin taro da kowa ke amfani da ita. Ni na haɗa ta bara, na sa sunana don gwaji, na manta ban cire ba. Duk wanda ya tura abu daga can, sunana zai fito. Ban san wanda ya yi ba, kuma ba zan yi zato ba."

 Baba ya cire tabarau ya ce, "Hatiminka ka bari a kan tebur."

"Haka ne, Baba."

"Na ga irin wannan a kotu ya fi a ƙirga, amma jiya da abin ya zo kan 'yata sai na manta." Ya juya wurinta. "Auta, na yanke hukunci ban ji ɗaya ɓangaren ba. Ban taɓa yarda alƙali ya yi haka a gabana ba."

Ita kuwa hawaye take yi, na kunya da na godiya a haɗe. Ta ce, "Ka yafe mini. Na ga sunanka na yarda."

"Ni na fara da mugun baki ranar Alhamis. Kuma na gwada sigar da kike so a hanya. Ke ce da gaskiya, ba ta karya komai ba."

"A taka ko a ta kowa?" ta ce tana share ido.

Ranar Laraba suka mayar da reshen, suka cire sunansa daga kwamfutar ɗakin taro, manaja ya sa aka kulle rumbun yadda ba mai iya danne aikin wani. Kafin a tashi Mai Turare ya zo teburinta da kansa. Ya ce shi ne. Ɗan gyara ya yi a can, rumbu ya ƙi karɓa saboda kwafin ya tsufa, shi kuma ya tura da ƙarfi bai duba ba. Da ya ga sunan da ya fito sai ya yi gum, kuma shirun ya fi kuskuren damun sa. Ta dube shi, ta ga ƙamshi ne kawai ya rage masa, ta ce komai ya wuce.

Ranar Alhamis shafi ya tashi a gaban mutanen asibitin ba ko tari, a kwamfuta uku daban-daban. Aka tabbatar mata da aiki. Ƙarshen wata magabata suka zo, Baba da kansa ya tsayar da rana.

Da safiyar ɗaurin aure, tana zaune Umma na ta kai da kawo, saƙo ya shigo. Ta dubi agogon wayar, bakwai da arba'in.

"Sabuwata, na jawo yau ban samu sabon bayani ba."

Ta yi murmushi ta rubuta: "An ɗauke marubuciyar zuwa gidanka. Daga gobe ka riƙa ji daga bakinta. Na gode da ka ajiye ni lokacin da na ɗauka na ɓata."

Bayan an shafa fatiha Baba ya kira su biyun. Ya fito da tsohon littafinsa mai baƙin bango, wanda yake rubuta haihuwa da aure da rasuwar dangi, ya rubuta ranar da sunayensu da alƙalamin tawada. Sannan ya miƙa wa ango alƙalamin ya ce, "Sa hannu, ɗana. Wannan ba ya goguwa."

Ya sa. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya tagari. Yadda ka riƙa duba ta kowace safiya ba wanda ya sa ka, Allah Ya sa ka ɗore a haka har tsufa."

Umma ta amsa da amin tana goge ido da gefen mayafi. Baba ya hura tawadar ta bushe, ya rufe littafin.