Garayar da Ta Ƙi Zaman Ikko

Bayan sallar magariba ne, a wani gidan haya da ke bayan titin jirgi a Agege, dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Azumi tana tuƙa tuwo, ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ta ci gaba da aikinta. Na biyu ya faɗo a gabanta. Ta ɗauka ta juya shi. Jan marmara ne irin na can Arewa, busasshe ƙayau, ga shi kuwa wuni aka yi ana ruwa.

Mijinta Na'Allah tsohon direban tanka ne. Tun da ya bar layin dakon mai na Apapa ba shi da aiki sai zuwa shagon Idrissa, wani mutumin Nijar mai sayar da tsofaffin kayan kiɗa. Shagon kuwa abin kallo ne: gangunan Yarbawa a rataye, kakakin soja duk ya lotsa, jita mai tsirkiya uku, fiyanon coci da ɓeraye suka yi jego a ciki. Na'Allah ba ya sayen komai. Ya taɓa wannan, ya busa wancan, ya gaya wa 'yan okada cewa da bai shiga mota ba, da yau duk Ikko babu makaɗi sai shi.

A ranar nan ya zaƙulo wata tsohuwar garaya a bayan lasifika, ya kaɗa wani take da ya ji a gidan 'yan bori tun yana yaro. Rabin taken kawai ya iya, rabin ya kaɗa ya ajiye. Idrissa ya dube shi, ya dubi garayar, ya ce ya tafi da ita kyauta, kuma yanzu-yanzu.

Tun daga nan magariba ta lalace a gidan. Da an idar da salla sai iska ta tsaya, janareton maƙwabta ya mutu, jifa ya soma. Garayar da ke rataye a bango sai ta yi ƙara ita kaɗai, ta kai daidai inda Na'Allah ya tsaya, ta yi shiru. Azumi ta ce a fitar da ita. Shi ko ya ce shi da ya kwana da tanka cike da mai a dajin Jebba, ba ƙwarya da igiya ne za su kore shi daga ɗakinsa ba.

Sai abin ya faɗa kan autarsu Laila, mai koyon ɗinki a Ogba. Haihuwar Ikko ce, Hausarta ma rabi Yarbanci. Wata yamma ta dawo, ba ta gai da kowa ba, ta zauna gaban garayar ta tanƙwashe ƙafa. Ta daina ci. Ta daina barci. In an taɓa ta, sai ta yi dariyar tsohuwa.

Aka kira Malam Jumare. Ya zauna kan buzu, ya yi ta karatu a kunnenta har jikinta ya ɗauki rawa. Da ya tambaya wane ne, muryar da ta fito ba ta Laila ba ce, kuma da tsohuwar Hausar yamma ta yi magana, wadda yarinyar ba ta taɓa ji ba.

"Tambayi direba. Shi ya kira ni, bai sallame ni ba. Ana kiran babba a bar shi tsaye?"

Aljanar ta ce mai garayar ya rasu a ƙasar Dogon Dutsi ta Nijar, magada suka haɗa ta da tarkace aka yo Ikko da ita. Ta gaji da zama cikin kayan coci, kowane ɗan iska ya shigo ya danna abin da bai iya ba. Malam ya ce ai sai a ƙona garayar kowa ya huta. Ta ce ya ƙona, ita ta riga ta sami ɗaki mai sabon jini. Sharaɗinta ɗaya: a ƙarasa mata takenta.

Kowa ya juya ga Na'Allah. Gogan naka ya yi gyaran murya, ya ce yatsansa ne ke ciwo.

"Bai iya ba," in ji Azumi. Ta matso ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa na 'yarta. "Ni ban kira ki ba, Laila ma ba ta kira ki ba. Gida kike so, za a kai ki. Motar albasa na komawa Arewa gobe daga kasuwar Mile 12. Amma a garayarki za ki hau, ba a jikin 'yata ba."

Aljanar ta ce sai mota ta wuce Ibadan za ta saki yarinyar. Azumi ta ce yau, kafin isha'i, in ba haka ba ita da kanta za ta mayar da garayar bayan lasifika, su ga wanda zai fara gajiya. Malam ya ci gaba da karatu, ya ƙara murya.

Can muryar ta yi ƙasa. Ta ce ta yarda, amma ba a bayan mota cikin tsoffin buhuna ba. Gidan gaba, kuma direban da ya kira ta ne zai rungume ta har can, ya nemo wanda ya iya sallama. Malam ya sa ta rantse, ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne.

Ƙafar Laila ta miƙe, yatsan ya yi karkarwa, ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, cikin Yarbanci ta ce yunwa take ji.

Azumi ta zuba mata tuwo. Sannan ta sauke garayar da hannunta, ta ɗora wa Na'Allah a cinya, ta ce ya soma koyon riƙo, hanya da nisa.